Babi na Bakwai: Littafin da Ya Gagari 'Yan Fim

Da zarar labari ya fita cewa wani kamfanin fim ya sayi haƙƙin wani tsohon littafin almarar kimiyya, abu biyu ne ke kama masoyan littafin lokaci guda: murna da fargaba. Dalilin murnar a fili yake. Mutum ya shekara da shekaru yana ɗauke da wata duniya a kansa, da biranenta da jiragenta da halittunta, yanzu ga dama ta samu zai gan ta da idonsa. Abokansa da ba za su taɓa zama su karanta shafi 400 ba, su ma za su gane abin da ya sa ya ishe su da zancen. Ita kuwa fargabar, a tambayoyi take fitowa. Wane darakta aka ba? Wa zai ja fim ɗin? Me za su yanke? Za su taɓa ƙarshen labarin? Kafin a kunna kyamara ma za ka ji wani ya riga ya yanke hukunci: “Wallahi ɓata shi za su yi.”

Makarancin Hausa ya san wannan hali. Duk wanda ya karanta In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino kafin ya kalli fim ɗinsa, ya san yadda ake ji idan Sumayyar da ka sawwara a ranka ta fito da wata fuska daban. Sai dai almarar kimiyya, wato layin da Umaru Dembo ya bi a Tauraruwa Mai Wutsiya a 1969, tana da ƙarin wahala. Labarin soyayya ana ɗaukarsa a gida da titi da kasuwa, duk ga su nan. Labarin da ya faru a wata duniya bayan dubban shekaru kuwa, sai an ƙera komai nasa daga tushe, daga kan tufafi har zuwa launin sararin sama. Babu littafin da ya nuna wannan gwagwarmaya kamar Dune na Frank Herbert, wanda 'yan fim suka shafe shekara 50 suna kokawa da shi.

Littafin da maɗaba'u suka ƙi

Herbert ɗan jarida ne Ba'amurke, an haife shi a 1920. A 1957 ya je garin Florence da ke jihar Oregon don ya rubuta rahoto kan yadda ma'aikatar noma ke dasa ciyawa domin tsayar da tuddan yashin da ke binne hanyoyi da gidaje. Rahoton bai fito ba, amma tambayar ta zauna masa: yaya rayuwa za ta kasance a duniyar da gaba ɗayanta hamada ce? Mujallar Analog ta buga labarin kashi-kashi daga 1963 zuwa 1965. Da ya nemi a fitar da shi a matsayin littafi, maɗaba'u fiye da 20 suka ce ba sa so, ya yi tsawo, ya yi sarƙaƙiya. Kamfanin da ya karɓa a ƙarshe, Chilton, an fi saninsa da buga littattafan gyaran mota. Littafin ya fito a 1965, ya ci kyautar Nebula ta farko da aka taɓa bayarwa ga littafi, ya kuma raba kyautar Hugo ta 1966 da wani littafin Roger Zelazny.

Ga labarin a taƙaice. Arrakis duniya ce ta yashi zalla, ba a ruwan sama a cikinta, amma a nan kaɗai ake samun wani sinadari mai suna melange, wanda ke tsawaita rai, kuma sai da shi matuƙan jiragen sama jannati ke iya ratsa taurari. Herbert da kansa ya kwatanta kamfanin da ke juya cinikinsa da ƙungiyar OPEC. Sarkin sarakuna ya karɓe Arrakis daga gidan Harkonnen ya ba gidan Atreides, alhali tarko ya ɗana musu. Aka hallaka Duke Leto, ɗansa Paul mai shekara 15 da mahaifiyarsa Jessica suka tsere cikin hamada, suka faɗa hannun Fremen, 'yan asalin wurin. Su kuwa Fremen sun daɗe suna jiran wani mai ceto. Abin da ba su sani ba shi ne, wata ƙungiyar mata mai suna Bene Gesserit ce ta shuka musu wannan annabci tun ƙarnoni da suka wuce, don duk 'yar ƙungiyar da ta shiga uku a wurin ta samu mafaka. Paul ya san annabcin shiri ne. Ya kuma hango cewa in ya hau kansa, za a zubar da jinin da ba a taɓa gani ba da sunansa. Duk da haka ya hau.

Nan zuciyar littafin take. Gargaɗi ne kan shugaba mai farin jini da jama'a ke miƙa wa hankalinsu kacokan. Makaranta da yawa sun ɗauki Paul gwarzo suna tafa masa, amma Herbert ya fitar da Dune Messiah a 1969, inda aka ƙidaya waɗanda yaƙin Paul ya kashe suka kai biliyan 61.

Inda wuyar take

A al'adar rubutun fim, shafi ɗaya minti ɗaya ne. Fim na awa biyu bai wuce shafi 120 ba, kuma rabin kowane shafi fili ne. Bugun farko na Dune shafi 412 ne cike maƙil, har da rataye na tarihi da addini da ƙamus na baƙin kalmomi. Ke nan duk wanda zai ɗauke shi dole ya zubar da fiye da abin da zai riƙe.

Tsawon ma ba shi ne babbar matsala ba. Yawancin abin da ke faruwa a littafin, a zukatan mutane yake faruwa. Akwai wata liyafa da Duke Leto ya shirya jim kaɗan bayan isarsa Arrakis, wadda masoya ke ɗauka a cikin mafi daɗin babobin littafin. Al'adar da Harkonnen suka bari ita ce, baƙo ya wanke hannu, ya kwarara ruwa a ƙasa da gangan, ya goge hannu da tawul ya jefa cikin ruwan. Bayan an tashi, sai mabarata su taru a ƙofa ana matse musu tawul ɗin. Leto ya gani, ya hana. Daga nan aka zauna cin abinci: ɗan banki, da attajirin ruwa, da ɗan fasa-ƙwauri, da masanin muhalli Liet-Kynes. Kowa na fara'a, kowa na auna kowa, kowace kalma da abin da ke ƙarƙashinta, marubucin kuma yana shiga kan wannan ya fito ya shiga kan wancan. Idan ka sa kyamara a gaban wannan teburin, abin da za ta gani shi ne mutane suna tauna. Daraktoci biyu ne suka yi fim ɗin sinima da littafin, babu wanda liyafar ta fito a cikinsa.

Fim ɗin da ba a yi ba

Furodusa Arthur P. Jacobs ne ya fara sayen haƙƙin a 1971, ya rasu a 1973 bai ɗauki komai ba. Sai aikin ya koma hannun Alejandro Jodorowsky, ɗan asalin Chile, da furodusansa Bafaranshe Michel Seydoux. Jodorowsky ya tara mutanen da ko a mafarki ba a haɗa su: mai zane Moebius, wanda ya zana fim ɗin hoto-hoto har wajen 3,000; H. R. Giger; Chris Foss; da Dan O'Bannon. Ya nemi Salvador Dalí ya fito a sarkin sarakuna, Orson Welles a Baron Harkonnen, Mick Jagger a Feyd na gidan Harkonnen, ƙungiyar Pink Floyd kuma ta yi kiɗa. Ɗansa Brontis, yaro mai shekara 12, aka sa shi horon faɗa don ya zama Paul. Fim ɗin da ya tsara zai haura awa 10. Kamfanonin Hollywood suka duba kundin zanen, suka yaba, suka ƙi sakin kuɗi.

Har yau akwai masu kiransa fim mafi girma da ba a taɓa yi ba, musamman bayan fim ɗin tarihin da Frank Pavich ya fitar a kansa a 2013. Aikin bai tafi a banza ba, don O'Bannon ne ya rubuta Alien na 1979, Giger kuma ya ƙera dodon. Amma ya kamata masoyan littafin su tuna cewa Jodorowsky bai ɓoye niyyarsa ba: labarinsa zai gina a kan na Herbert, kuma a ƙarshensa Paul zai mutu ruhinsa ya bazu cikin jama'a, Arrakis ta koma kore shar. Da an yi shi, da waɗanda ke kukan rashinsa a yau su ne za su fara jifan sa. Fim ɗin da ba a ɗauka ba shi kaɗai ne ba ya ba kowa kunya.

Ruwan saman Lynch

Dino De Laurentiis ya sayi haƙƙin a 1976. Ridley Scott ya fara aikin, ya ajiye, ya tafi ya yi Blade Runner. Aka ba David Lynch, wanda ya ɗauki fim ɗin a Meziko da kuɗi kusan dala miliyan 40. Ya fito a Disambar 1984, an matse shi zuwa minti 137.

Abin mamaki, Lynch ya yi ƙoƙarin riƙe littafin fiye da yadda ake faɗa. Ya buɗe da Gimbiya Irulan, 'yar sarkin sarakuna, tana kallon 'yan kallo tana bayani. Ya sa a ji tunanin kowane ɗan wasa cikin raɗa, kamar yadda marubucin ya yi a takarda. Ya kwaso maganganu da yawa yadda suke. Sakamakon shi ne, wanda ya karanta littafin ya ga an gaggauta, wanda bai karanta ba ya rasa inda aka dosa. A wasu gidajen sinima sai da aka riƙa raba wa 'yan kallo takardar ma'anar kalmomi a bakin ƙofa. Abin da fim ɗin ya samu a Amurka bai wuce dala miliyan 31 ba. Da aka tsawaita shi don talabijin a 1988, Lynch ya sa aka cire sunansa, aka maye da Alan Smithee, sunan aro da daraktocin Amurka suka riƙa amfani da shi idan sun barranta da aikinsu.

Babban laifin fim ɗin yana cikin mintunansa na ƙarshe. Bayan Paul ya ci nasara, sai ya sa aka kece da ruwan sama a Arrakis, Fremen suna ɗaga kai cikin mamaki. Ga wanda ya san littafin, wannan ɓarna ce biyu. Ruwa guba ne ga manyan tsutsotsin yashi, su kuwa tsutsotsin ne tushen melange, don haka ruwan saman nan zai rusa arzikin da aka yi yaƙi a kansa. Na biyu kuma ya fi muni: ruwan ya tabbatar da cewa annabcin gaskiya ne, Paul mai ceto ne na haƙiƙa. Littafin da aka rubuta don a ja kunnen masu bin shugaba ido rufe ya koma kirarin shugaban. Herbert, wanda ya yabi fim ɗin ta wasu fuskoki kafin rasuwarsa a 1986, ya nuna rashin jin daɗinsa a kan wannan gaɓar: Paul ɗinsa mutum ne da ya ɗora wa kansa rigar allantaka, ba shi da ikon saukar da ruwa.

A 2000 tashar Sci-Fi ta fitar da shi kashi uku a talabijin, John Harrison ya ba da umarni. Ya samu lokacin bin labarin daki-daki, har da liyafar, ya kuma ci kyautar Emmy biyu. Amma ƙarancin kuɗi ya nuna, don hamadarsa a cikin ɗakin ɗaukar hoto aka yi ta da zanen bango. Masoya suka ce labarin ya cika, duniyar ce ba ta cika ba.

Villeneuve: abin da ya yanke, abin da ya riƙe

Denis Villeneuve, ɗan Quebec a Kanada, ya karanta Dune tun yana matashi, ya kuma nuna ƙwarewarsa a Arrival na 2016 da Blade Runner 2049 na 2017. Sharaɗin da ya kafa shi ne a raba littafin gida biyu. Kamfanin da ya ɗauki nauyin fim ɗin ya yarda da rabin farko, na biyun kuwa sai an ga yadda kasuwa ta yi. Wannan ya jefa masoya cikin zullumi na musamman: annobar korona ta ɗage fitowar fim ɗin daga Disambar 2020 zuwa Oktobar 2021, sannan a Amurka aka sake shi a sinima da manhajar HBO Max rana ɗaya. Da ya faɗi, da labarin ya tsaya a tsakiyar hamada har abada. Ya tara sama da dala miliyan 400, ya ci Oscar 6, aka sanar da kashi na biyu kwanaki kaɗan bayan fitowarsa. Shi kuma ya fito a Maris 2024, ya haura dala miliyan 700.

Villeneuve ya ɗauki hamada ta gaske, a Wadi Rum ta Jodan da Liwa ta Abu Dhabi. Ya watsar da dabarar raɗa tunani, ya bar fuska da shiru da kiɗan Hans Zimmer su yi aikin. Dubi zuwan Stilgar, shugaban Fremen, gaban Duke Leto. Ya shigo bai rusuna ba, ya tofa yawu a kan teburin Duke. Dogarai suka zabura, sai wani mutumin Duke da ya zauna da Fremen ya tare su, ya yi godiya, shi ma ya tofa. A ƙasar da ake tace gumi da fitsari a cikin riga a sake sha, ba da ɗigon ruwan jikinka babbar girmamawa ce. A cikin minti ɗaya ɗan kallo ya fahimci darajar ruwa a Arrakis ba tare da an yi masa lacca ba.

Yanka kuwa ya yi shi ba tausayi. Liyafa ta tafi. Liet-Kynes, namiji a littafi, ya koma mace. Thufir Hawat, ɗaya daga cikin mutanen da aka horar su maye gurbin kwamfuta bayan an haramta ta, bai fito a kashi na biyu ba sam. Shekarun da Paul ya yi a hamada an matse su zuwa watanni, ta yadda ƙanwarsa Alia, wadda a littafi ita ta kashe Baron tana ƙaramar yarinya, har aka gama fim tana ciki. Canji mafi girma shi ne na Chani, 'yar Fremen masoyiyar Paul, wadda Zendaya ta fito a matsayinta. A littafi tana tare da Paul har ƙarshe. A fim ita ce ke faɗa wa mutanenta cewa annabcin nan igiya ce aka ɗaure su da ita, kuma lokacin da kowa ya durƙusa wa Paul, ita ta juya baya ta fita.

An yi ta ce-ce-ku-ce a kan wannan, amma dalilinsa a bayyane yake. Shakkar da ke cikin littafin a zuciyar Paul take, kyamara kuwa ba ta shiga zuciya. Sai Villeneuve ya ciro shakkar ya ba wani mutum da za a gani, a ji muryarsa. Ya saɓa wa abin da ke rubuce a shafi, ya kuma isar da abin da marubucin ke nufi, wanda Lynch ya kifar duk da yawan maganganun littafin da ya kwaso.

Ƙorafin da ke da tushe

Wannan ba ya nufin masu shakka ba su da gaskiya ko kaɗan. Herbert ya gina Fremen da kayan da ya ɗebo daga Larabawa da Musulmi, har da tarihin Imam Shamil na yankin Kaukasus da ya karanta a littafin Lesley Blanch na 1960. Kalmomi irin su Mahdi da Lisan al-Gaib sun tsira a fim, amma jihadi, wadda ta cika littafin, an kauce mata, har tallar farko ta 2020 ta musanya ta da kalmar yaƙin 'yan Salibiyya. A kashi na farko manyan Fremen sun haɗa da Javier Bardem ɗan Sifaniya, da Babs Olusanmokun haifaffen Legas wanda ya fito a Jamis, amma babu Balarabe ko ɗan Arewacin Afirka a manyan gurabe. Masu suka sun ce an ari tufafi da hamada da sautin harshe, an bar masu su a waje. Haka nan batun muhalli, wanda shi ne mafarin littafin tun daga yashin Oregon, ya koma gefe: mafarkin Kynes na dasa ciyawa a tsayar da yashi cikin ɗaruruwan shekaru bai samu fili ba sai 'yan jimloli. Ga makarancin da ya ga yadda hamada ke cin gonaki a arewacin Yobe ko Damagaram, wannan ba ƙaramin rashi ba ne.

Ma'aunin da ya dace

Tarihin sauran littattafan ya bi wannan sawu. Blade Runner na 1982 ya zubar da abubuwa da yawa daga littafin Philip K. Dick na 1968, amma ya riƙe tambayarsa: me ya raba mutum da abin da aka ƙera da siffarsa? Bai yi kasuwa da farko ba, yau kuwa ana lissafa shi cikin manya. Stanisław Lem bai ji daɗin Solaris na Andrei Tarkovsky na 1972 ba, don shi ya rubuta ne kan gazawar ɗan Adam wajen fahimtar baƙuwar halitta, daraktan kuma ya karkata ga nadama da soyayya. Paul Verhoeven ya ɗauki Starship Troopers na Robert Heinlein na 1959, ya mayar da shi zambon aƙidar soja a 1997, da gangan. I, Robot na 2004 kuwa wani rubutun fim ne daban aka liƙa wa sunan littafin Isaac Asimov na 1950, aka cika shi da tawayen butum-butumi, irin labarin da Asimov ya ƙirƙiro dokokinsa uku na butum-butumi don ya kauce masa.

Daga cikin waɗannan, wanda ya cancanci fushin masoya shi ne wanda ya ari suna don ya sayar da tikiti, da wanda ya juya saƙon littafi bai ma san ya juya ba. Wanda ya yanke babi, ko ya haɗe mutum biyu, ko ya canza wa wani jinsi, aikin da sana'arsa ta tilasta masa ya yi. Masoya kan ɓata ƙarfinsu wajen ƙirga abin da aka cire, alhali tambayar da ta fi amfani ɗaya ce: abin da ya hana marubucin barci har ya zauna ya yi rubutun, yana nan a fim ɗin?

Jerin bai ƙare ba. An sanar da fim na uku bisa Dune Messiah, kamfanin Apple ya ɗauki Neuromancer na William Gibson na 1984, Rendezvous with Rama na Arthur C. Clarke na 1973 kuma ya shafe shekaru yana jiran layi. Duk wanda ya fito, za a sake murna, a sake fargaba. Shawarata ga mai karatu ita ce, ka riga fim ɗin zuwa ga littafin. In ka fara kallo, fuskar jarumin za ta zauna maka a kowane shafi, ba za ka ƙara iya sawwara taka ba. In ka fara karantawa kuwa, kana da abin da za ka auna darakta da shi, kuma ko ya gyara ko ya ɓata, littafin na nan yadda marubucinsa ya bar shi.